Ledar da Kefas Ya Ɓare a Gaban Dagaci

A wani ƙauye na gindin dutse akwai wani manomi, sunansa Kefas. Mahaifinsa ya rasu ya bar masa gona guda, doguwa, wadda ta gangara har bakin rafi. A cikin gonar akwai ɗorawa biyu, ɗaya a tsakiya, ɗaya can ƙasa a bakin ruwa, tsakaninsu taku sittin. Wannan taku sittin kuwa shi ne ran gonar, gama a nan Kefas yake noman rani, daga nan tumatir da albasa suke fitowa su ciyar da matarsa da 'ya'yansa uku in ruwan sama ya ɗauke.

Ba a cika shekara da binne tsohon ba, sai maƙwabcinsa, Baba Maisamari, ya tashi ya ce gonar marigayi a ɗorawar tsakiya ta tsaya, daga nan zuwa rafi nasa ne. Bai tsaya ga faɗa da baki ba, ya kawo shanun huɗa ya shiga.

Kefas bai ɗaga murya ba, domin yana da shaida. Kafin tsohon ya kwanta ciwo, ƙanwar Kefas, Bilhatu, mai aikin jinya a birni, ta zo hutun Kirsimeti ta ɗauki bidiyonsa yana zaga gonar yana nuna iyaka. Wayar da ta yi ɗaukar da ita ta daɗe da mutuwa, amma bidiyon yana cikin kwamfutarta ta cinya. Da ta ji labari, sai ta ba direban motar kasuwa kwamfutar ya kawo wa yayanta.

To, mutanen ƙauyen nan suna da al'adarsu ta shari'ar gona. Ba a yinta a ɗaki, ba a yinta a zaure. A gonar ake yi, rana tsaka, a fili, kowa yana ganin abin da kowa yake gani. Ba a kuma tsayawa a inuwar itacen da ake gardama a kansa, gama a wurinsu wanda ya shiga inuwar ɗaya ya riga ya zaɓi gefe.

Ran shari'a aka taru tsakanin ɗorawa biyun. Kefas ya kife turmi, ya ɗora kwamfuta, ya buɗe, ya kunna. Muryar marigayi ta fito ƙasa-ƙasa tana cewa, "Gonata a wannan ɗorawa ta tsaya." Mata suka fara share hawaye. Amma wace ɗorawa? Murya ba ta nuna itace. Sai an ga inda ya ɗora hannu.

Dagaci ya sunkuya ya duba fuskar kwamfutar. Rana ta bugi gilashin ta dawo masa a ido. Bai ga kowa ba sai wani dattijo mai jar hula. Ya gyara hularsa, dattijon ma ya gyara tasa.

Dagaci ya ce, "Kefas, wannan ai ni ne."

Baba Maisamari ya kece da dariya ya ce, "Ranka ya daɗe, madubi yaron nan ya kawo mana. Shari'a aka zo yi ko aski?"

Kefas ya tuɓe rigarsa zai yi wa kwamfutar rumfa, a riƙa leƙawa. Baba Maisamari ya ce, "A'a! A ƙarƙashin riga? Ɗaya bayan ɗaya, kamar masu zuwa wurin boka? Ba haka muka gada ba."

Dagaci ya ce gaskiyarsa ce. Ya ba Kefas kwana bakwai. In ranar ta zo ba a ga hannun marigayi a kan itace ba, zai kafa sandarsa a ɗorawar tsakiya, magana ta ƙare.

Kefas ya karya karan dawa, ya gwada tsawon fuskar kwamfutar da faɗinta, ya hau mota zuwa birni. Ya yi ta shiga shaguna da karansa a hannu ana yi masa dariya, har ya iske wata mai shago da ta saurare shi. Ta ɗauko wata leda shimfiɗaɗɗiya a cikin kwali ta ce, "Maigida, wannan sikirin gad ne, wato ledar da ake manna wa fuskar kwamfuta, amma ba mai sheƙi ba. Shi shanye hasken rana yake yi. Ka ji ni da kyau, leda uku ce a haɗe. Ta baya ka ɓare, ka manna a gilashin. Ta tsakiya ita ce mai aikin. Ta gaba, mai ƙyallin nan, rigar tafiya ce kawai. In ka gama mannawa, ka kama wannan ɗan jan kunnen da ke kusurwa, ka yaye ta ka yar. In ka bar ta, ka yi aikin banza."

Ya dawo gida, ya goge gilashin da tsumma mai laushi har ba sauran ƙura. Ya ɓare ta baya, ya manna a hankali, yana bi da gefen katin asibiti yana korar iska. Ya kama jan kunnen ke nan, sai ga Baba Irmiya, ƙanen mahaifinsa, wanda shi ne babba a gidan yanzu.

Sai ku san wani abu game da mutanen ƙauyen. Ba sa ɓare leda daga sabon abu. Babur zai shekara uku sirdinsa yana cikin leda, mai shi yana zamewa a kowane gangare, amma ba zai cire ba. Kujerun ɗakin baƙi suna cikin leda, baƙo ya zauna ya tashi da zufa a baya. Shi kansa Baba Irmiya, kekensa ya shekara bakwai da kwalin kanti naɗe a jikin ƙarfen. A wurinsu leda ita ce shaidar cewa gida bai tsiyace ba.

Baba Irmiya ya riƙe wuyan hannun Kefas ya ce, "Kai, me za ka yi?"

"Baba, ɓarewa zan yi. Haka mai shago ta ce."

"Mai shago ce ta haife ka?"

Kefas ya ɗaga kusurwar kaɗan don ya nuna masa. Abin da ke ƙarƙashi dishi-dishi ne, ba ƙyalli ko kaɗan. Baba Irmiya ya ja da baya ya ce, "Dubi! Kamar idon busasshen kifi. Wannan za ka kai gaban Dagaci, gari ya ce 'ya'yan wana sun koma yawo da kayan juji? Ka kashe kuɗi ka sayi sabon abu, ka mai da shi tsoho da hannunka? Mai da ita. A gidan nan ba a yi."

Kefas mutum ne mai jin nauyin manya. Ya mai da kusurwar, ya shafa ta kwanta. Ya kunna bidiyon a cikin ɗaki, ga mahaifinsa ya fito sarai. Ya ce a ransa, "Ai ga shi ana gani. Wataƙila ba komai." Bai fita da ita rana ya gwada ba, gama a can cikin zuciyarsa ba ya son ya sani.

Ranar ta zo. Jama'a ta fi ta farko yawa. Baba Irmiya da kansa ya ɗauko kwamfutar ya ɗora a kan turmi, yana tafiya a hankali don kowa ya ga yadda take walƙiya. Wata tsohuwa ta ce, "Kai, gidan nan akwai rufin asiri." Baba Irmiya ya yi murmushi.

Aka kunna. Murya ta fito kamar dā. Dagaci ya sunkuya, ya kare ido da tafin hannu, ya koma hagu, ya koma dama. Ƙyallin ya ma fi na makon jiya.

Baba Maisamari ya ce, "Ranka ya daɗe, kwana bakwai ya yi yana wanke madubin. A yaba masa."

Dagaci bai yi dariya ba. Ya miƙe, ya ɗauki sandarsa, ya juya ya nufi ɗorawar tsakiya. Kefas ya ga matarsa ta ɗora hannu a ka. Ya dubi rafin, ya dubi kwamin albasar da ya riga ya gyara.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, a dakata mini."

Ya durƙusa gaban turmin, ya kama jan kunnen.

Baba Irmiya ya daka tsawa ya ce, "Kefas! Na hana ka! A gaban mutane za ka watsa mini ƙasa a ido?"

Kefas bai tashi daga durƙuson ba, bai kuma saki kunnen ba. Ya ce, "Baba, ka gafarce ni. Na bi maganarka, ga inda ta kawo mu. 'Ya'yana ba za su ci ƙyalli ba."

Ya ja. Ledar ta taso da ƙara, ƙiii, daga wannan kusurwa har waccan. Ya yar da ita a ƙasa. Jama'a suka ce, "Ash! Ya lalata ta." Gama lalle fuskar kwamfutar ta dusashe, ba wanda zai gan ta ya yi sha'awa.

Sai tsohuwar nan ta yi ihu ta ce, "Ga shi! Ga marigayi!"

Ga shi kuwa, a tsakiyar rana, kowa yana gani daga inda yake tsaye. Tsohon da rigarsa ta zuwa sujada, hannunsa a jikin ɗorawa, ruwan rafi yana gudu a bayansa. Da hoton ya matsa gefe kaɗan, sai ga wani mutum tsaye kusa da shi, fartanya a kafaɗa, yana gyaɗa kai, har ya miƙa hannu suka gaisa. Baba Maisamari ne.

Dagaci ya dawo ya duba, ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Maisamari, zo ka gaya mini ko wane ne wannan."

Baba Maisamari bai matso ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, tsufa ne. Mantuwa ta yi mini yawa."

Dagaci ya gangara bakin rafi, ya kafa sandarsa a gindin ɗorawar ƙasa. Gona ta tabbata ga Kefas. Baba Irmiya kuwa ya sunkuya ya tsinci ledar, ya kakkaɓe ta, ya naɗe ya sa a aljihu. Har aka cire albasar shekarar bai amsa gaisuwar Kefas ba. Kefas kuma bai fasa zuwa gaishe shi kowace safiya ba.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, kuma da mu ake, ba da mutanen wani gari ba.

Ubanmu na Sama ya bar shaidarsa a cikin kowane mai bi, kamar yadda hoton tsohon nan yake cikin kwamfuta. A cikin ɗaki, wato a nan cikin majami'a, kowa shaidarsa tana fitowa sarai. Wa zai kasa zama Kirista ran Lahadi da safe, ana waƙa, fanka tana juyawa? Amma ba a ɗaki ake shari'ar ba. A fili ake yinta, a kasuwa, a ofis, a wurin rabon gado, ranar da aka ce ka sa hannu a kan abin da ka san ƙarya ne. A nan rana take dukanmu, a nan mutane suke sunkuyowa su duba.

Me suke gani? Sau da yawa kansu suke gani. Son girmansu, tsoronsu, wayonsu, duk muna mayar musu da shi yadda suka kawo, muna ƙyalli. Su tafi suna cewa mutumin kirki ne, ba su ga Uban ba ko sau ɗaya.

Kefas ba rasa magani ya yi ba, ku lura. Ya saya, ya manna, ba kumfar iska ko ɗaya. Mu ma an yi mana baftisma, an ba mu Ruhu, ba abin da ya rage. Ledar waje ce muka ƙi ɓarewa, wato "kada a ce". Kada a ce gidanmu ba shi da shi, sai mu yi bikin da ya fi ƙarfinmu. Kada a ce akwai ɓaraka a ikilisiya, sai mu rufe laifin da ya kamata a tsawata. Littafi Mai Tsarki yana cikin jaka mai zif, gefensa na zinariya bai taɓa dusashewa ba, domin yatsa bai taɓa shi ba. Mutum zai bar gari ya yi shekaru ya dawo, ya tarar da ledar da ya bari tana nan, har an ƙara wata a kai.

Wanda zai riƙe maka hannu kuma ba maƙiyi ba ne. Baba Irmiya yana ƙaunar gidan wansa, da gaske yake kare mutuncinsa, saura kaɗan kuma ya sa a rasa gonar. Kada wani matashi ya fita daga nan ya ce an ba shi izinin zagin manya. Kefas a durƙushe ya yi magana, gafara ya fara nema. Amma bai saki kunnen ba. A yi biyun tare.

Za a ce ka dusashe. Za a ce kana da kyau dā, yanzu ka lalace. Wani zai daina amsa gaisuwarka. To, sai me? Ba a sa ka a duniya don a yi sha'awarka ba, an sa ka don a ga Uban ta wurinka. Kowa a nan ya san tasa ledar, ba sai fasto ya nuna masa ba. Kada ka ce sai an yi taron dattawa, kada ka ce sai bayan girbi. Ka ɓare ta a makon nan, wanda zai yi fushi ya yi.