Takalman da Balarabe Ya Jefa a Ruwa

Balarabe mutumin Yako ne, amma neman abinci ya kai shi Tiga, inda yake ƙwadago a gonakin noman rani. Allah ya yi masa baiwar gudu, tun yana ƙarami idan akuya ta tsinke igiya shi ake kira. Sai dai yana da hali guda da ya dame masa rayuwa, wato mugun zato. Idan mutum biyu suka yi dariya yana wucewa, to da shi suke. Idan aka miƙo masa abinci bai ga inda aka zuba ba, sai ya ce ya ƙoshi. Ko gaisuwa aka tsawaita masa, sai ya wuni yana tunanin abin da ake nema a wurinsa.

A farkon shekarar 1987 aka yi shela cewa za a yi gudun fanfalaki daga Tiga zuwa Tudun Wada, kuma mutum uku na farko za a kai su Kano a ba su horo, a ɗauke su aiki. Ga wanda yake wuni cikin taɓo yana dashen albasa, wannan ba ƙaramar dama ba ce.

Akwai wani tsohon soja, Malam Rufa'i, da yake gadi a ma'aikatar ruwa, wanda ya sha irin wannan gudu a bariki. Shi ya ɗauki Balarabe da wani ɗan masunta mai suna Shitu yana koya musu. Kullum bayan sallar asuba yana bin su a kan babur ɗinsa, su zagaya bakin madatsar ruwan Tiga su dawo. Idan sun zauna hutawa sai ya riƙa nanata musu cewa doguwar tafiya ba ƙafa kaɗai take so ba, tana son shiri. Takalmin kambas wanda ƙafa ta saba da shi, safa mai laushi, singileti marar nauyi, hula saboda rana, man basilin a shafa a cinyoyi da hammata don kada su saɓule, sannan ruwa da aka sa wa ɗan gishiri da sukari. Ya kan ce duk wanda ya sa sabon takalmi ranar tsere ya gama da kansa.

Balarabe yana jin wannan duka, amma zuciyarsa tana wani wuri. Ya gano cewa 'yar Malam Rufa'i, Baturiya, tana auren yayan Shitu. Tun daga ranar ya daina yarda da tsohon. Idan Malam Rufa'i ya ce ya rage sauri, sai ya ɗauka so ake Shitu ya kamo shi. Idan ya ce ya ƙara, sai ya ɗauka so ake a gajiyar da shi kafin ranar.

Ana saura kwana uku tsere, Balarabe ya wanke takalmansa ya shanya a kan katangar gidan da yake haya, ya tafi gona. Da ya dawo da la'asar bai gan su ba. Ya duba ko'ina, ya tambayi maƙwabta, wata mata ta ce ta ga Shitu ya shigo da hantsi. Washegari da safe sai ga takalman a kan katangar, daidai inda ya bar su.

Ya ɗauke su da bakin sanda ya kai ɗaki, ya juya su. A dunduniyar kowane ɗaya ya ga sabon ɗinki da baƙin zare. Ya zura hannu ciki, ya ji wata 'yar fata mai laushi an liƙa ta a ƙarƙashin shimfiɗar takalmin. A ganinsa ba sai an faɗa masa ba, laya ce aka ɗinke masa don ƙafarsa ta yi nauyi. Bai tambayi kowa ba. Ya cusa duwatsu a cikin takalman, ya ɗaure igiyoyinsu wuri guda, ya je bakin babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonaki ya wurga su. Daga nan ya hau mota zuwa kasuwar Kiru ya sayo sababbi fil, farare masu jan layi. Sun ɗan matse shi a yatsu, amma mai kayan ya ce za su saki.

Ranar tsere, a cikin watan Maris, tun ƙarfe bakwai rana ta fara nuna halinta. Malam Rufa'i yana ganin ƙafar Balarabe ya ɓata fuska.

"Balarabe, ina naka na kullum?"

"Sun tafi inda masu su za su neme su, Baba," in ji Balarabe, yana kallon Shitu ta gefen ido.

Tsohon bai fahimci maganar ba, kuma babu lokacin tambaya. Ya miƙa masa kwalbar basilin, Balarabe ya ce ya shafa a gida, alhali bai shafa ba. Ya miƙa masa hula, ya karɓa, amma da aka busa usur ya yar da ita a bakin hanya.

Mutum arba'in da wani abu suka tashi. Kafin a yi nisa Balarabe ya tsere wa kowa, mutanen ƙauyuka suna tsaye a bakin titi suna yi masa kirari. Ransa ya yi fari, yana cewa a zuciyarsa yau asirin wasu ya karye. Amma bayan kamar awa guda sai ya fara jin zafi a dunduniyarsa ta dama, kamar an ɗora garwashi. Can sai babban yatsansa na hagu ya ɗauka. Cinyoyinsa suka fara gogar juna suna raɗaɗi, rana kuma tana dukan tsakar kansa.

Malam Rufa'i ya matso da babur ya miƙo masa gora. Ƙishirwa ta sa ya karɓa ya kurɓa, sai ya ji ɗanɗanon gishiri. Ya manta sarai cewa irin ruwan da suka yi wata biyu suna sha ke nan. Ya tofar, ya yi jifa da gorar cikin gona. Daga nan duk inda aka ajiye masu ba da ruwa sai ya kauce musu, don bai san wanda aka haɗa baki da shi ba.

Wajen Burumburum Shitu ya kamo shi. Ya dubi fararen takalman ya ga jini ya ɓullo ta gefensu. Ya rage gudu ya jera da shi, ya miƙo masa ruwan da ke hannunsa.

"Bala, don girman Allah ka sha, leɓenka ya bushe."

"Wuce ka ba ni wuri. Abin da kuka sa a takalmi bai ishe ku ba?"

Shitu ya buɗe baki zai yi magana, amma wasu mutum biyu suka zo suka wuce su, dole ya bi bayansu. Balarabe ya ƙara 'yar tafiya yana ɗingishi, titin ya fara juya masa, gumin jikinsa ya ɗauke. Abin da ya iya tunawa na ƙarshe shi ne wasu matan Fulani da suka sauke ƙoren nononsu suna salati.

A ƙaramin asibitin Tudun Wada ya farfaɗo, ana ƙara masa ruwa. Sai da aka yanka takalman da almakashi kafin a cire su, farce uku suka biyo safa. Ya ji cewa Shitu ne ya zo na biyu. Wannan ya ƙara tabbatar masa da zatonsa, har ma da Shitu ya zo duba shi sai ya juya fuska bango.

Bayan mako uku, yana takawa da sanda a kasuwar Tiga, sai Surajo mai gyaran takalma ya kira shi daga rumfarsa. Bayan sun gaisa ya yi masa jaje, ya ce abin ya ba shi mamaki, don shi dai ya san ya yi aikin da kyau. Balarabe ya tambaye shi wane aiki.

"Takalmanka mana. Malam Rufa'i ya lura dunduniyar ta cinye, ya ce ba za su kai ka Tudun Wada ba. Ya san idan ya faɗa maka ba za ka bayar ba, shi ne ya aiko Shitu da su. Yaron nan a kaina ya wuni, ya ce in sa fata mafi laushi, wai kai ne za ka zo na ɗaya. Nasa ma ban samu na taɓa ba."

Balarabe ya juya ya nufi ƙofar ma'aikatar ruwa. Ya tarar da Malam Rufa'i a kan benci, ya durƙusa da ƙyar ya faɗa masa duk abin da ya yi, har da duwatsun. Tsohon ya ce ya yafe, shi ma ya yi kuskure da bai gaya masa ba tun farko. Balarabe ya tambaya ina Shitu.

"Ya tafi Kano shekaranjiya," in ji Malam Rufa'i. "Kwana biyu yana nemanka ku yi sallama, kana ɓuya."

Ba a sake shirya wannan tsere ba a shekarun da suka biyo baya. Balarabe ya warke, ya koma gonar albasa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, mugun zato yana hana mutum cin moriyar alherin da aka yi masa. Balarabe ya fi kowa gudu, kuma an tanadar masa duk abin da mai doguwar tafiya yake buƙata, amma ya watsar da su ɗaya bayan ɗaya da hannunsa saboda tsoron sharrin da babu shi. Idan ka ga abin da ba ka gane ba, ka tambaya kafin ka yanke hukunci. Tambaya ɗaya da bai yi ba ita ta raba shi da aiki, da lafiyar ƙafarsa, da aboki na gaskiya.