Bangon Siton Wakili

Akwai wani magini a Gangara mai suna Halliru. Ya haura shekara sittin, gwiwoyinsa sun gaji da hawa tsani, tafin hannunsa duk ya tsattsage. Da yaɓen farar ƙasa aka san shi. Sai ya jiƙa ta a rami har ta huce, ya kwaɓa da yashin gulbi, ya shafa wa bango sau uku. Kowane shafi sai an yi ta yayyafa masa ruwa, ya bushe a hankali.

Wata shekara Wakili, mai fataucin hatsi ta hanyar Burkusuma, ya gina sito da tubali. Ba geronsa kaɗai zai shiga ba. Mutane sun daina barin hatsi a rumbunan bayan gari saboda rashin tsaro, don haka gidaje da dama suka kawo masa ajiya.

Wakili ya ba Halliru yaɓen siton, ya kama aiki. Rana ta biyar, yana yayyafa wa shafin farko ruwa, Wakili ya tsaya da babur bai ko kashe ba.

"Baba Halliru, wanga aiki yaushe za ya ƙare? Kullum sai ban ruwa, kamar gonar albasa!"

"Alhaji, saura shafi biyu. Ka ba ni kwana goma."

"Kwana goma? Za ni kawo masu siminti daga garin Isa, yini guda su gama."

Halliru ya ajiye bokiti, ya ce, "Siminti ba shi zama da tubali. In ya tsage, ruwa na shiga bayanai, ba shi samun wurin fita. Farar ƙasa kuwa tana barin bango ya sha iska."

Wakili ya yi dariya a gaban mutane. "Zamaninku ya wuce, Baba. Tafi gida ka huta."

Halliru ya wanke cokalin gininsa, ya tafi yana ɗingishi. Matarsa Habi ta ga fuskarsa, ta miƙa masa fura.

Masu siminti suka zo suka gama. Bango ya yi sumul, kowa na yabawa. Daga nan aiki ya ɗauke wa Halliru, sai gyaran ɗan abin da ba a rasa ba.

Damina ta sauka da ƙarfi. Cikin watan Agusta, bayan ruwan kwana uku, simintin bangon gabas ya ɓamɓaro gaba ɗaya, ya faɗi da tubalin da ya jiƙe ya koma taɓo. Ruwa ya shiga. Buhu goma sha bakwai suka yi tsiro, har da na wata gwauruwa, Inno, wadda ba ta da wani abincin marayunta bayan shi.

Da safe Wakili ya zo ƙofar Halliru a ƙasa, ba babur. Ya durƙusa.

"Baba, na yi kuskure. Sauran bangon ma ya fara kumbura."

Halliru ya kalli gwiwoyinsa. Zuciyarsa ta ce ya ƙi. Amma gero na mutane ne, kuma hadari na sake haɗowa.

"Za ni zo," ya ce. "Amma ƙarfina ya ƙare. Kai za ka ɗebo ruwa, kai za ka kwaɓa. Ba ɗan aike ba, kai da kanka."

Haka aka yi. Suka kwashe hatsin, suka ɓamɓare simintin, suka yi wa bango rumfar leda har ya sha iska, suka gyara inda ya faɗi. Wakili ya mayar wa Inno geronta daga nasa. Sati uku mutanen Gangara suna ganin Alhaji da jarka a kafaɗa, wandonsa a naɗe, yana tambayar tsoho, "Baba, ya isa haka ko in ƙara?"

Ranar da aka gama shafi na uku, Halliru ya sauko daga tsani da ƙyar. Bai sake hawa wani ba. Siton kuwa ya ga damina huɗu, ko ɗigo bai shiga ba.

Darasi: Kada gaggawa ta sa ka raina wanda ya tsufa a kan sana'arsa, domin ba kai kaɗai ɓarnar za ta shafa ba. In kuma wanda ya wulaƙanta ka ya dawo, duba waɗanda za su cutu kafin ka ce a'a. Tura wa 'yan'uwa su ma su karanta.