Mutumin da Ya Rantse a Kan Ƙwan Mesa

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a nan unguwar Longsight, injiniya ne, yana da mata da 'ya'ya. Yana kiwon mesa a ɗakin sama, irin ƙananan nan masu dunƙulewa in sun tsorata. Yana haɗa namiji da mace, ya lissafa launin da 'ya'yansu za su fito da shi. Sau da yawa yana dacewa, sai girman kai ya shige shi.

Duk ɗan mesan da ya fito da launin da bai so ba, sai ya jefa shi cikin firiza da ransa. Matarsa Murja tana kuka tana cewa, "Baban Shifa, rai ne fa." Ya ce shara ce.

Wata shekara ya haɗa wasu guda biyu da ake cewa cikin 'ya'yansu huɗu ɗaya kan fito fari tas, mai shuɗin ido. Uwar ta yi ƙwai. Ya je unguwar Sparkbrook a Birmingham, gidan yayan matarsa, Jumare, ya rantse a gaban jama'a cewa farare biyu na cikin ƙwan nan.

Jumare ya ce, "Ka ce in sha Allahu."

Ya ce, "Yaya, wannan genetics ne, ilimin gadon halitta. Ba ruwansa da in sha Allahu."

Subhanallah! Wa ya san abin da ke cikin ƙwai in ba wanda ya halicce shi ba?

Ranar ƙyanƙyasa ya gayyato su Jumare daga Birmingham. Bayan Azahar ya ɗauko almakashi, ya riƙa tsaga ƙwan ɗaya bayan ɗaya a gabansu. Har na ƙarshe ba fari ko ɗaya. Wani daga cikin baƙin ya yi dariya.

Sai idonsa ya rufe. Ya fizgo 'ya'yan daga cikin ɓawo, ya maka su da bango, ya bi su da diddige yana murƙushe kawunansu. Jini da ruwan ƙwai suka ɓata kafet. Jumare ya riƙe masa hannu ya ce, "Ka ji tsoron Allah!" Sai injiniyan ya juyo ya caka masa almakashin a wuya.

Murja ta danne raunin da mayafinta tana kiran sunan yayanta. Kafin ambulan ta iso, rai ya yi halinsa.

Yau mutumin yana kurkuku. Murja ta kwashe 'ya'yanta ta koma Birmingham, tana raino tare da matar marigayin. 'Yarsa Shifa ba ta yarda a ambaci sunansa a gabanta.

Ya 'yan uwa, lissafi ilimi ne, ba laifi ba ne. Amma wanda ya saba kashe ƙaramin rai don launinsa bai yi masa ba, hannunsa ya riga ya koyi kisa. Kuma kowace dabba da aka zalunta za ta kai ƙara ranar hisabi.

Allah ya kiyaye mu daga girman kai da bushewar zuciya. Allah ya jiƙan Jumare. Amin.