Dalilin Da Ya Sa Akuya Take Da Gemu

Dalilin da ya sa kuke ganin akuya da gemu alhali mace ce, kuma in tana tauna bakinta gefe-gefe yake tafiya, labari ne mai ɗan tsawo. Ku gyara zama in ba ku.

A zamanin da dabbobi suke magana da mutane, an yi wata tsohuwa mai sayar da daddawa, sunanta Inna Dubu, a wani ƙauye na bakin gulbi. Tana da akuya guda ɗaya, ja mai farin goshi, ana kiranta Kyalla. A lokacin haɓar akuya gajera ce, a dunƙule kamar ta mage, sumul ba gashi ko ɗaya. Wutsiyarta kuwa doguwa ce, da tuntun gashi a ƙarshenta. In za ta ci abinci, sama da ƙasa take tauna, kamar yadda kuke yi.

Kyalla ba ta rasa komai ba a gidan nan. Da safe dusa, da yamma harawa, in an wanke gero kuma ƙasarin nata ne. Ga 'ya'yanta biyu ƙanana tana shayar da su, sun yi ɓul-ɓul.

Wata rana Inna Dubu ta tafi gulbi wankin kalwa, Kyalla ta bi ta. Mata sun cika bakin ruwa, ana aiki ana hira. Can sai ga Barewa ta fito daga daji, ta sunkuya tana shan ruwa a ɗaya gaɓar. Mata suka tsaya cak suna kallo.

Wata ta ce, "Kai, jama'a, ku dubi muƙamuƙi! Siriri, dogo, kamar an fere shi."

Wata mai yawan barkwanci ta juyo ta ce, "Dubu, ga taki nan kuma, fuska kamar curin fura."

Aka yi dariya, aka koma wanki. Kafin a kai gida kowa ya manta da maganar, ban da Kyalla. Ita dai ta tsaya ta leƙa fuskarta a ruwa, ta juya dama, ta juya hagu, ranta ya ɓaci.

Kwana biyu ana zuba mata dusa tana kau da kai. Inna Dubu ta tsuguna gabanta ta ce, "Ke, lafiya? Ciki ne ke ciwo?"

Kyalla ta ce, "Inna, ki kai ni wurin Baba Nomau ya gyara mini haɓa. Irin ta Barewa nake so."

Shi Nomau wanzami ne kuma maɗori, duk ƙasar nan ba wanda ya kai shi iya aska da ɗorin ƙashi. Inna Dubu ta yi faɗa, ta yi lallashi, Kyalla ta kafe. Da ta ga akuyar za ta kashe kanta da yunwa, sai ta ɗaure goro a bakin zane, ta ja ta suka tafi.

Nomau ya saurari bayani. Ya kama fuskar Kyalla, ya lalluba ƙashin da yatsunsa. Sannan ya ce, "'Yar nan, ni karaya nake ɗorawa. Wannan ƙashin kuwa lafiyarsa ƙalau. Zan iya jan sa ya yi tsawo, amma ki sani, in ya bar wurinsa ba ya komawa."

Kyalla ta ce, "Ba na so ya koma, Baba."

Ya ba ta wani jiƙo ta sha, jikinta ya mutu. Ya wasa aska ya yi aikinsa, ya ja ƙashin, ya jera kara ya ɗaure. Kwana arba'in Kyalla ba ta ci komai ba sai kunu da ƙasari, Inna Dubu na ɗura mata da ludayi.

Ranar da aka kwance ɗaurin, maƙwabta suka taru. Aiki ya yi kyau, wallahi ya yi kyau. Haɓa ta miƙe, fuska ta yi tsawo, kowa na cewa, "Tubarkalla!" Inna Dubu ta kawo ruwa a ƙwarya ta ajiye mata. Kyalla ta leƙa, ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Ba irin wannan na ce ba."

Nomau ya ce, "To wace iri kika ce?"

"Ta Barewa ta fi wannan sirantaka. Kuma dubi nan, ɓangaren hagu kamar ya fi na dama kauri."

Aka duba, aka sake dubawa, ba wanda ya ga bambanci. Tunkiyar maƙwabta ta ce mata, "Ƙawata, ni da zan samu wannan ai sai in yi ta godiya." Kyalla ta ce a ranta, hassada ce kawai, so take in zauna a haka.

Tun daga ranar, duk inda ta ga ruwa sai ta tsaya: a kwatarniya, a kududdufi, har a sawun shanu in an yi ruwan sama. Kullum kuma sai ta gano wani sabon aibi. Ta roƙi Inna Dubu su koma, Inna ta ce ko da wasa. Sai wata safiya ta tsinke igiyarta ta tafi ita kaɗai.

Nomau ya ce ba zai sake taɓa ta ba. Kyalla ta kwanta a ƙofar zaurensa tana kuka. Masu zuwa aski sai sun tsallake ta, masu karaya sai an zagaya da su. Kwana uku tana nan. A rana ta uku ya gaji, ya ce, "Shigo."

A wannan karon ya kankare ƙashin ta gefe da gefe don ya sirance. Aka sake kwana arba'in ana kunu. Da aka kwance, kowa ya matso ya duba. Haɓar ta sirance kam, amma muƙamuƙin ƙasa ya ɗan goce, ba ya haɗuwa da na sama daidai. A ƙarƙashin haɓar kuma ga wani dogon tabo ja.

Kyalla ta leƙa ƙwarya. Ta buɗe baki za ta ce, "Me ka yi mini?" amma bakin bai ba ta haɗin kai ba. Abin da ya fito kawai shi ne, "Me? Me-e-e?"

Muni ba shi ne babbar matsalar ba. Da aka zuba mata harawa ta sa baki, sai ta ji haƙora ba sa cin juna. Ta tauna sama da ƙasa, ganyen ya zubo yadda ya shiga. Ta gwada dusa, ta ƙware. Kwanaki suka yi ta tafiya, haƙarƙarinta suka fito ana iya ƙirga su daga nesa. Nononta ya ƙafe. 'Ya'yanta su zo su kama, su ja, su saki suna kuka. Ƙaramar cikinsu har ta fara tangaɗi in tana tafiya.

Inna Dubu ta sake jan ta zuwa wurin Nomau. Ya lalluba ƙashin, ya girgiza kai.

Ya ce, "Babu sauran abin da zan taɓa a nan. In na ƙara, karyewa zai yi. Ni ma ina da laifi da na biye miki. Abin da ya rage, in kina so, in nemi dabarar rufe tabon."

Kyalla ta yi ƙoƙari ta haɗa magana a hankali. Ta ce, "Baba, bar tabon. Ci nake so in yi. 'Ya'yana za su mutu."

Nomau ya sunkuyar da kai. Ya ce wannan kam ba ta aska ba ce.

Suka dawo gida. Kyalla ta kwanta a inuwar rumbu, 'ya'yan na jikinta. Inna Dubu ta ɗauko gero ta durƙusa gaban dutsen niƙa don ta dama musu kunu. Tana niƙa tana share hawaye da gefen zane. Kyalla tana kallon hannunta, tana kallon yadda ɗan dutsen ke tafiya a kan uwarsa, gari na zubowa.

Ta ce, "Inna, wannan dutsen ai ba sara yake yi ba."

Inna Dubu ta ce, "Wane sara? Gogawa dai."

Kyalla ta miƙa wuya ta ɗauki ganyen harawa guda. Maimakon ta datsa, sai ta bar muƙamuƙin ya tafi inda yake son tafiya. Ya zame hagu, ta dawo da shi dama. Ya sake zamewa, ta sake dawo da shi. Sai ta ji ganyen ya niƙe lilis a bakinta. Ta haɗiye. Ta ɗauki na biyu.

Inna Dubu ta saki dutse ta tashi tana tafa hannu. "Ci, Kyalla! Ci, 'yar albarka!" Ta kwaso harawa rungume guda ta zube mata.

Kafin mako ya zagayo nono ya dawo, 'ya'ya suka koma tsalle-tsallensu a kan turmi. Kuma sai ga wani abin da ba wanda ya zata. Wannan sabuwar taunar ba abin da ba ta niƙewa. Ganyen magarya da ƙayarsa, 'ya'yan gawo, ɓawon itace, busasshen kara, duk Kyalla ta iya ci. Da rani ya tsananta ciyawa ta ƙare, tumaki suka rame, ita kuwa tana ta sheƙi.

Saura tabon. Ƙudaje suka dame shi, in ta sunkuya kiwo kuma ƙaya ta soke shi. Wata rana Nomau ya zo da kansa duba ta, ya ga tana ta kaɗa kai. Ya ce, "Wannan tuntun na wutsiyarki, da a haɓa yake, da ya kore miki ƙudan nan."

Kyalla ta ce, "Zai taɓa ƙashi?"

"Ko kusa. Fata ce kawai."

"To bismilla."

Ya yanke wutsiyar ya bar ɗan guntu, ya ɗinke tuntun a kan tabon. Tuntun ya kama, ya ci gaba da tsiro abinsa.

Ranar da ta sake bin Inna Dubu gulbi, matan nan suka gan ta suka fashe da dariya. Mai barkwancin nan ta ce, "A'a, Dubu, yaushe kika yi baƙon dattijo? Sannu da zuwa, Malam Kyalla!"

Kyalla ta kaɗa gemunta ta ce, "Yauwa, sannunku da aiki." Ta ɗaga ƙafafun gaba ta dafa wata magarya, ta shiga cin ganye, 'ya'yanta na biye da ita.

Da za su tafi, Inna Dubu ta ce mata a hankali, "Ba za ki leƙa ki ga yadda ya zauna miki ba? Ni dai na ga ya yi miki kyau."

Kyalla ta ce, "Inna, ƙishirwa dai nake ji." Ta sa baki a ruwa ta sha ta ƙoshi, suka kama hanyar gida.

Da ta sake haihuwa, 'ya'yan suka zo da doguwar haɓa da guntuwar wutsiya, da suka girma kuma gemu ya fito musu, maza da mata. Shi ya sa har wa yau in kun duba akuyar gidanku za ku gan ta da gemunta, tana kwance a inuwa tana juya baki hagu da dama, hankalinta kwance. In kuka ji ta ɗaga kai ta ce "Me-e-e?", kada ku damu, ba wani abu ba ne. Ku dai je ku duba, wataƙila kun bar ƙofar rumbu a buɗe.