Fada Za Ta Jira Ƙauye

An yi wani sarki a ƙasar Tsaunin Zaure, sunansa Jatau, mai son ci gaba ne ƙwarai, sai dai yana da gaggawa. A bayan birninsa akwai tudu wanda iska ba ta ɗaukewa a kansa rani da damina, har injiniyoyi suka nemi izinin kafa manyan fankoki a wurin domin su samar da wutar lantarki. Sarki ya yi murna, amma mutanen Kargo, ƙauyen da ke noma da kiwo a tudun, suka ce sam ba su san zancen ba. Injiniyoyi kuwa suka ce in damina ta faɗi ba a daidaita ba, za su koma ƙasar maƙwabta.

Sai Sarki ya kira wazirinsa Nomau, dattijo mai haƙuri da fasaha, ya ce, "Waziri, ka samo mini yardar mutanen nan, amma ban yarda ka tsorata su ba, ko ka saye su da kyauta, ko ka yi musu alkawarin ƙarya."

Waziri ya fita yana jinjina al'amarin, domin ya san in ya gaza ƙasa ta yi hasara, shi kuma ya kunyata. Ya tafi Kargo ba tare da dogarai ba, ya zauna gindin tsamiya yana sauraro. Wani ya ce ƙarar fankokin za ta hana shanu ba da nono, wani ya ce za su kore hadari. Waziri ya lura suna faɗa suna dariya, ya gane ba nan ciwon yake ba. Can sai wata tsohuwa mai suna Tasalla, shugabar masu daka, ta ce, "Ranka ya daɗe, bar su da zancen shanu. Tudun namu ne, ƙarar a kunnenmu za ta kwana. To wayar wutar fa, ina za ta nufa?"

Waziri ya ce, "Birni, Gwaggo."

Ta ce, "Ka ji. Ta bi ta saman kanmu, mu muna ƙasa da taɓarya."

Waziri ya koma ya faɗi gaban Sarki ya ce, "Allah ya ba ka nasara, na samo yardarsu, sai dai farashinta a wuyanka yake. Kada ƙwan fitila ɗaya ya kama a fada sai wuta ta shiga Kargo, an ajiye gonaki da burtali yadda suke, sannan ta bi unguwannin birni. Gidanka ne na ƙarshe."

Sarki ya dube shi ya ce, "Na hana ka tsorata talakawa, shi ne ka zo ka tsorata ni?" Sai ya fashe da dariya, ya ce a shelanta hakan da bakinsa.

Da labari ya isa Kargo, samari da kansu suka share hanyar motoci. Fankoki suka tashi suna juyawa, injin niƙa ya kama aiki, Sarki kuwa yana fada yana ta fifita da mafici cikin zafin bazara. Da abin ya ishe shi, ya kai ziyara ƙauyen, Tasalla ta tarbe shi da ruwa mai ƙanƙara ta ce, "Sha, ranka ya daɗe, mun ji ku a birni har yanzu randa kuke fama da ita."

Sarki ya shanye, ya nemi ƙari. A nan gaban jama'a ya yafa wa Waziri alkyabbarsa, ya danƙa masa kula da rabon wuta a ƙasar duka.

Haƙiƙa, jama'a ba sa ƙin alheri, abin da suke ƙi shi ne a ɗora musu nauyinsa a kai wa wasu daɗinsa. Kuma adalin shugaba shi ne wanda ya yarda ni'ima ta iso shi bayan ta iso talakawansa.