Abin Da Ke Cikin Butar Lirwanu

Akwai wani mutumin ƙetaren gulbi, can yankin Gummi, sunansa Lirwanu. Shekara shida ya yi a Ikko yana dako a tashar jiragen ruwa, sannan ya dawo gida. Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba. An rufe gidajen giya, wanda duk anka kama ya sha, bulala tamanin ce a gaban jama'a.

Lirwanu ya dawo da labari cike da baki. Kullum a teburin mai shayi sai zancen manyan jirage masu hawa kamar bene, inda Turawa ke zama a sama, kowa da kwalbarsa, yana sha yana kallon ruwa, babu mai ce masa uffan. Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne, shi ma ya koyo. Ya shigo da ogogoro a ɓoye, waccan farar giyar da ido ba ya bambanta ta da ruwa. Kuma ya samo dabara: ya sayi butar roba sabuwa, a ciki yake zubawa. Wa zai tare mutum ya ce buɗe butar alwalarka?

Uwarsa Inna Marka kuwa, ganin butar nan ba ƙaramin daɗi yake yi mata ba. Tana ce wa mata, “Ku dubi ɗana. Ikko ba ta ɓata shi ba, ko kasuwa za shi da butarshi.”

Ku ji ni da kyau, jikokina, ba mugun mutum ba ne. Girman kai ne da tsoron kunya sunka haɗu masa.

A watan da ruwa ya yi yawa, cutar amai da gudawa ta shigo ƙauyen. Ta kama Lubabatu, ɗiyar ƙanwarsa Habsu, yarinya 'yar shekara biyu. Kafin hantsi idonta ya faɗa, fatar cikinta in ka tsunkula ba ta komawa. Hanyar mota zuwa asibitin gari ta yanke, sai jirgi. Habsu ta goya ta, ta ɗauki gorar ruwan da ta tafasa. Inna Marka ta ƙulle gishiri da sukari a bakin zane. Lirwanu ya biyo su da butarsa.

Jirgin na wani Basarke ne, masunci, Umaru, kwale-kwale dogo mai inji. Mutum goma sha wani abu ne a ciki, da buhunan shinkafa, da kwandunan kifi. Lirwanu ya zauna kusa da uwarsa, ya dubi gulbi ya cika ya yi ja, ya ce a ransa yau shi ma zai yi irin ta mutanen jirgin bene. Sai ya juya baya kamar mai kurkure baki, ya kurɓa. Anka jima ya ƙara.

Suna tsakiyar ruwa inji ya yi tari ya mutu.

Umaru ya ja igiya, shiru. Ya sake ja, shiru. Ruwa ya kama jirgin ya juya shi, gefe ya sunkuya har ruwa ya leƙo. Mata sunka ɗau salati. A nan gorar Habsu ta faɗi, murfin ya fita, ruwan duka ya tsiyaye cikin ƙazantar ƙasan jirgi.

“Kowa shi zamna inda yake,” in ji Umaru. “Wanda yam miƙe shi za shi kashe mu.”

Ya kwance fulogin injin yana gogewa da rigarsa, warin fetur ya cika jirgin. Ruwa na tafiya da su ƙasa, gari na yin nisa. Ga rana ta take. Wani mushen akuya ya zo ya wuce su, ciki a kumbure.

Lubabatu ta sake amai, sannan ta saki jiki. Kanta ya langaɓe a hannun uwarta.

“Inna, ba ta kuka,” Habsu ta ce. “Inna, dubi bakinta ya bushe.”

Ta miƙa kofi za ta ɗebi ruwan gulbi, Inna Marka ta buge hannunta. “Ruwan mushe za ki ba ta? Shi yak kawo muna cutag ga.” Sai ta waiga. “Lirwanu, miƙo butarka. Ruwan rijiya na, ko?”

Lirwanu ya matse butar tsakanin ƙafafunsa.

“Inna, ai... ya ɗan kwana.”

“Shi kwana. Miƙo.”

Ba ta jira ba, ta janye butar daga tsakanin ƙafafunsa. To Inna Marka ta fi shekara talatin tana shaƙar taba gari, hancinta ya daɗe da mutuwa, ko tuwo ya ƙone sai an gaya mata. Sauran mutane kuma fetur da ƙarnin kifi sun toshe musu hanci, hankalin kowa na kan inji. Ta tsiyaya rabin kofi. Fari tas. Ta kwance bakin zane, ta sa gishiri, ta sa sukari, ta ɗauko cokali tana juyawa.

Lirwanu yana kallon cokalin nan yana zagaya kofi. Ya san abin da rabin kofi ke yi wa ƙato, balle yarinyar da babu komai a cikinta. Amma ya dubi mutanen jirgi: ga limamin unguwarsu, ga surukin abokinsa, ga matan da uwarsa ke yi wa alfahari da shi. Ya tuna a bakin gulbi akwai 'yan hisba. Ya ji bulalar a bayansa tun ba a ɗaga ta ba.

A ransa yana cewa, wataƙila inji ya tashi. Wataƙila yarinyar ta ƙi sha.

Inna Marka ta ɗora Lubabatu a cinya, ta zuba mata cokali guda. Yarinyar ta sarƙe, ta yi wani irin tari, idonta ya juye, ta ture cokalin da ɗan ƙarfin da ya rage mata.

Kun ji? Cokali guda ya shiga, yana zaune yana kallo. Ba zan gyara masa wannan ba.

“Gishiri ya ɗan yi yawa,” in ji Inna Marka. “Amma dole ta sha. Habsu, riƙe mini hannuwanta, ɗura zan yi mata.”

Ku 'yan yanzu ba ku san ɗura ba. Ana kwantar da yaro, a kafa tafin hannu a bakinsa, a toshe masa hanci, a zuba. Ba shi da zaɓi, in yana son numfashi sai ya haɗiye duka. Haka anka yi mana, haka munka yi wa namu.

Habsu ta riƙe hannuwan ɗiyarta tana kuka. Inna Marka ta kafa tafinta, ta matse ɗan hancin, ta ɗaga kofi.

Lirwanu ya kai hannu ya make kofin. Kofin ya faɗa gulbi.

“Kai, haukacewa ka yi?” in ji Inna Marka.

“Inna, ba ruwa ba na. Giya ta.”

“Mi kac ce?”

“Giya ta, Inna. Ogogoro. Ni niz zuba.”

Habsu ta ɗauki butar ta kai hanci, ta kau da kai, ta ƙanƙame ɗiyarta ta ja baya iyakar inda za ta iya. Liman ya sunkuyar da kai. Inna Marka ba ta zage shi ba, ba ta ɗaga hannu ba. Ta dubi tafinta da ya jiƙe, ta dubi bakin jikarta.

“Da hannuna nib ba ta,” ta ce a hankali. “Kana kallo.”

Daga can ƙarshen jirgi wata Bafillatana mai tallar nono, Dija, ta kwance gorar ruwan shanta, anka yi ta miƙawa hannu zuwa hannu har ta iso. Habsu ta fara kurɓa da kanta, sannan ta haɗa da sauran gishiri da sukari, tana ɗiga wa yarinyar a baki kaɗan kaɗan.

Umaru ya ajiye fulogi, ya ce inji ba zai tashi ba. Ya sa ƙafa ya jawo butar, ya jefa ta ruwa. Sannan ya zaro filafili guda biyu, ya wurga wa Lirwanu ɗaya.

“Ɗan Ikko, kai mai labarin manyan jirage. In kanka bai juya ba, tuƙa. In ya juya ma, tuƙa.”

Lirwanu ya tuƙa. Bai iya ba, kansa na sarawa, Umaru na yi masa tsawa, amma bai tsaya ba har tafin hannunsa ya fashe. Duk bugu ɗaya sai ya saci kallon ƙirjin Lubabatu ya ga ko yana motsi. Wajen azahar sunka kama gaɓa, nesa da gari, cikin gonakin shinkafa. Ya miƙa hannu zai ɗauki yarinyar ya ruga da ita, Inna Marka ta ce, “Kar ka taɓa ta.” Umaru ne ya saɓa ta a kafaɗa. Lirwanu ya bi su a baya cikin taɓo.

A asibiti anka sa mata ƙarin ruwa. Habsu ba ta ɓoye wa malamar asibiti komai ba. Matar ta tambayi nawa ta sha, anka ce cokali guda. Ta ce da an ɗura mata kofin nan, a yadda jikinta ya bushe, ba ta jin za su iso da ita da rai.

Kwana uku Lirwanu yana zaune a ƙofar asibiti, yana jiran ɗayan biyu: a fito da gawa, ko a zo a tafi da shi. Duk wanda ya gani da kaki sai ya ɗauka shi anka zo kamawa. Rana ta huɗu Lubabatu ta nemi kunu. Kuma babu wanda ya zo kama shi. Mutanen jirgin nan, har liman, ba wanda ya kai ƙara, don kunyar Inna Marka.

Lirwanu ya tuba, kuma tubar gaskiya, bai sake sha ba. Ya koma noma, ya yi aure, shi ya riƙa ɗawainiyar uwarsa har tsufanta. Ta yafe masa, da bakinta ta faɗa. Tana cin abincinsa, tana sa masa albarka.

Amma shekara goma sha ɗaya da ta ƙara a duniya, duk ranar da ya miƙo mata ruwa, ko na sha ko na alwala, ko a gaban baƙi ne, sai ta karɓa ta riƙe, ta kira jikarta.

“Luba, taho ki shinshina mini.”

Yarinyar ta taso ba ta san dalili ba, ta ɗauka wasan kaka ne, tana shinshinawa tana dariya ta ce ruwa ne. Shi kuwa yana tsaye, kai a ƙasa, har a gama. Ya taɓa gaya wa Umaru cewa da ma bulala tamanin ɗin anka yi masa, ita rana ɗaya ce.

Darasi: Abin da ka ɓoye a cikin kayan mutunci, ba kai kaɗai za ka sha shi ba, wata rana hannun wanda ya yarda da kai ne zai ɗauka ya ba wanda kake so. In ka ga kunyarka za ta ci ran wani, yi magana tun kafin cokali na farko. Allah yana karɓar tuba, uwa tana yafewa, amma yarda in ta tafi ba lallai ta dawo ba. Ku tura wa 'yan'uwanku, musamman samarinmu da ke ci-rani, ko Allah zai sa wani ya zubar da tasa butar tun bai shiga jirgi ba.