Sallama a Ƙofar Hajiya Yalwa

An ce wai a birnin Zariya an yi wata dattijuwa, Hajiya Yalwa, wadda ta san kwamfuta tun zamanin da guda ɗaya ke cika ɗaki. Da girma ya kama ta, sai ta buɗe ɗan kamfani na ƙera manhajojin waya, ta tara matasa tana koya musu. Mace ce mai sanyin magana, ba ta yanke hukunci sai ta kwana a kansa.

Cikin ma'aikatanta akwai biyu da take ji da su kamar idanunta, Haladu da Tanimu. Tare suka yi makaranta, kwano ɗaya suke ci, har ranar da wata ƙungiyar ungozomomi ta kawo aiki. Ana son manhajar da ungozomar ƙauye za ta riƙa sauke bidiyon koyarwa da ita, a ƙaramar waya mai rauni, a garuruwan da sabis sai an hau tudu.

Haladu mutum ne mai zafin nama. Ya buɗe hanyoyin saukewa da yawa a lokaci guda, ya tattara duk ƙarfin wayar ya ɗora a kan jawo bidiyo. Lallai bidiyo na sauka nan da nan, amma muddin yana sauka, fuskar wayar sandarewa take yi. Ka latsa, ka sake latsawa, shiru kamar an shuka dusa. Tanimu ya ce wannan wulaƙanci ne, ya zauna ya ƙera tasa, wadda ko inuwar yatsa ta gani sai ta amsa. Sai dai duk sanda aka taɓa ta, dakatar da saukewa take yi don ta saurari mai taɓawa, har bidiyon da aka so kallo da hantsi ya kai la'asar bai gama sauka ba.

Gardama ta yi tsami, abokai suka raba kwano, magana ta je gaban Hajiya.

Haladu ya ce, "Ranki ya daɗe, mace na naƙuda, ungozoma na jiran ilimi, sai a ce in rage gudu don a yi wa yatsa fara'a? In ta Tanimu aka ɗauka, ni kam na ajiye aiki."

Tanimu ya ce, "Hajiya, wayar da ba ta amsa mai ita ba ai gawa ce. In ta Haladu za a kai wa iyayenmu mata, to a nemi mai zama kujerata."

Abin ya dami Hajiya ƙwarai, don ta ga duk wanda ta bai wa gaskiya ta rasa ɗayan, kuma ba ta da kamarsu. Sai ta ce, "Na ji. Amma ba a shari'a da yunwa. Haladu, ka zo gidana ranar Asabar mu ci abincin rana. Kai kuma Tanimu, Lahadi. Kada wanda ya cika cikinsa da safe."

Ranar Asabar Haladu ya sha babbar riga, ya isa ƙofar gida bayan azahar. Tun daga waje yake jin ƙarar turmi da ƙamshin naman kaza. Ya yi sallama, shiru. Ya ƙara, shiru. Ya ɗaga murya ya yi ta uku, ba wanda ya tanka, alhali ga motsin mutane yana ji. Ya tsaya jim kaɗan, kunya ta kama shi, ya raya a ransa ko dai fushi ake yi da shi. Ya juya ya tafi, don mai mutunci ba ya wuce sallama uku. A bakin titi ya sayi awara ya ci a tsaye, da babbar rigarsa da komai.

Shi kuwa Tanimu, ranar Lahadi da ya yi sallama, bai rufe baki ba aka amsa masa. Inna Tasalla, ƙanwar Hajiya, wadda ita ce mai girkin ranar, ta kai shi falo, ta gaishe shi har da tambayar kakanninsa, sannan ta koma madafa. Bai daɗe ba ya gyara zama, kujera ta yi ƙara, sai ga ta da gudu, muciya a hannu: "Me kake so, ɗana?" Ya yi tari, ta sauke tukunya ta zo yi masa sannu. Ya kori ƙuda, ta zo. Duk zuwa sai ta ce, "Yanzun nan za a kawo." Aka kira la'asar ba tuwo ba dalilinsa. Bawan Allah ya zauna kamar gunki, yana tsoron ko numfashi ya yi Inna ta sake baro wuta. Da ya ga magariba na neman yi, ya yi godiya ya fita, hanjinsa na kuka.

Da safiyar Litinin Hajiya ta tara ma'aikata. Ta dubi Haladu ta ce, "Ɗana, na gayyace ka ka ƙi zuwa."

Ya ce, "Wallahi na zo, Hajiya! Sallama uku na yi, ba a amsa ba."

Ta ce, "Wa zai amsa? Kowa na gidan na madafa saboda kai. Ban taɓa girki mai sauri irin na ranar ba. Ba ka kai bakin titi ba aka kwashe tuwo."

Haladu ya ce, "To ina amfanin saurin, tunda ni ban san…" Bai ƙarasa ba ya sunkuyar da kai.

Ta juya ga Tanimu: "Kai fa, an wulaƙanta ka?"

Ya ce, "Ko kusa. An karrama ni har na kusa suma."

Dariya ta ɓarke. Da aka natsu, Hajiya ta ce, "Kowannenku ya ci abin da ya dafa wa ungozoma. Haladu, ita ma sau uku take latsawa, in ba a amsa ba ta ɗauka waya ta lalace, ta kashe ta. Kun ga sauri ya haifi nawa. Tanimu, gaskiya ne shimfiɗar fuska ta fi shimfiɗar tabarma, amma ba a taɓa cewa ta fi tuwo ba. Ga hukuncina. A cikin manhajar nan za a ware mai tsaron ƙofa, wanda ba a aikensa madafa ko da gari zai ƙone. Aikinsa amsa yatsa kawai. Masu saukewa su yi ta aikinsu a bayan gida, kada mai taɓawa ya ɗauke su daga kan wuta. A fara kawo farkon bidiyo, yadda ake fara ba baƙo ruwa, ta soma kallo saura na tafe. A kuma faɗa mata gaskiyar abin da ya rage, ban da 'yanzun nan' irin na Tasalla."

Suka ce sun ji, amma wa aka bai wa gaskiya?

Ta ce, "Haladu, kai za ka gina ƙofa, don kai ka san zafin tsayuwa a waje. Tanimu, kai za ka gina madafa, don kai ka san yunwa. Wanda ya ga zai iya ba tare da tambayar ɗan'uwansa ba, ga hanya nan, ya ajiye aikin."

Ba wanda ya ajiye. Kafin azahar aka ga kujerunsu sun matso kusa, kafin la'asar an ga hannuwa biyu a kwano ɗaya. Manhaja ta fita, ungozomomi suka riƙe ta. Kuma an ce har yau, in baƙo ya yi sallama a ofishin nan, komai nisan da Haladu ya yi cikin aiki, muryarsa ake fara ji tana amsawa.

Shi ya sa masu hikimar sana'ar ke cewa: in kana dafa wa baƙo, bar mutum a ƙofa, in ka bar mutum a ƙofa, kada ka kashe wuta.